Ruɓewar haƙori ga manya: yadda aljihu da yanayin zama ke cin bakin mutanenmu a Abuja

Ruɓewar haƙori, wadda wasu ke kira kogon haƙori, ciwo ne da ke farawa da ɗan tabo a jikin haƙori, tabon ya zama rami, ramin ya yi ta zurfi har ya tarar da jijiya. Da yawanmu mun ɗauka ciwon yara ne masu shan alewa. Amma duk wanda ya zauna a kasuwa ko tasha ya san manya nawa yake gani sun dafe kunci, ko suna tauna da ɓangare ɗaya na baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2022 inda ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma kimanin biliyan 2 daga ciki ruɓewar haƙoran manya ce da ba a yi wa magani ba. Uku cikin kowane huɗu na masu wannan matsala suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, irin namu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai hannun aljihu a ciki. Za mu ɗauki Abuja a matsayin misali, domin a can ne mai hali da maras hali ke zaune kusa da juna, bambancin kuma a fili yake. Mai karatu da ke Agege ko Sabon Ibadan ko Lokpanta zai ga cewa labarin kusan ɗaya ne da nasa.

Yadda haƙori ke ruɓewa

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun fito duka. Farin ɓawon da ke rufe da kowane haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe da bai kai shi tauri ba, a can tsakiya kuma jijiya da hanyoyin jini suke.

A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna taruwa cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori, musamman a tsakanin haƙora da gefen dasashi. Abincinsu sukari ne. Da zarar ka sha abu mai zaƙi, sai su ci su fitar da asid, shi kuma asid ɗin ya soma narkar da ɓawon haƙori. Wannan aiki yakan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30, ko fiye, kafin yawu ya wanke bakin ya kashe kaifin asid ɗin, ya soma mayar wa haƙori abin da ya rasa.

To ka ga a nan lissafin yake. Idan sau uku ka ci abinci a yini, sau uku aka kai wa haƙoranka hari, kuma yawu yana da lokacin gyara. Idan kuwa kana kurɓar shayi ko lemo kaɗan-kaɗan tun safe har dare, bakinka bai huta ba ke nan. An tabbatar da wannan tun a wani bincike da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin tsakanin 1945 da 1953, inda aka ga cewa waɗanda ke cin alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci sun fi kowa ruɓewar haƙori. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki yana da illa kamar yadda yawan sukarin kansa ke da ita.

Maganar tsutsa kuwa, babu ita. Mutanen ƙasashe da dama sun daɗe da wannan zato, ba mu kaɗai ba. Masu turara hayaƙi a baki su nuna maka wani farin abu a ruwa su ce ga tsutsar ta fito, kuɗinka kawai suka ci. Ramin yana nan yadda yake.

Abuja biyu

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta taso daga Legas ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Yankin yana da ƙananan hukumomi shida: Birni da kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Asibitocin haƙori masu zaman kansu sun fi taruwa a Maitama, Asokoro, Wuse da Garki, inda masu iya biya suke. Mutanenmu masu neman na yau, wato 'yan kara, mahauta, masu shayi, 'yan acaɓa, masu gadi, masu wankin takalmi da 'yan ga-ruwa, yawanci a Dei-Dei, Zuba, Karu, Nyanya, Gwagwa da Karmo suke kwana, wasu ma har Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja.

Wanda ke Maitama idan haƙorinsa ya soma tsami, mintuna kaɗan ne tsakaninsa da likita, a cike masa ramin tun yana ƙarami ya koma ofis. Wanda ke Masaka kuwa sai ya yi sammako, ya biya kuɗin mota, ya sha cunkoson hanyar Nyanya, ya yanki kati, ya bi layi. Albashin ma'aikaci ba ya raguwa don ya je asibiti, amma mai tura baro idan bai fita ba ranar babu cefane. Saboda haka sai ya daure. Kuma haƙori ba ya jira. Ramin da za a cike cikin rabin awa a bana, baɗi sai dai a cire haƙorin gaba ɗaya.

Abincin mai nema

A gida Arewa, abincin kakanninmu tuwo ne da miya, fura da nono, dambu, ɗanwake. Zaƙi sai jefi-jefi: zuma, rake, dabino, mazarƙwaila. Zaman birni ya sauya wannan. Wanda ya bar iyalinsa a Katsina ko Sakkwato ya zo cin rani ba shi da tukunya. Karin kumallonsa a teburin mai shayi ne, da burodi da shayi mai kauri, an zuba madara da sukari cokali uku ko huɗu. Da rana zafi ya taso, sai lemon kwalba mai sanyi ko kunun zaƙi ko zoɓo. Da dare a koma wajen mai shayi. Yaran da ke rakiyar shanu a saman tirela daga Potiskum, Wudil ko Maigatari zuwa Legas suna kwanaki a hanya, guzurinsu biskit ne da burodi da lemo, buroshi kuwa ba ya cikin lissafi. Direbobi da 'yan acaɓa sun ƙara da lemon ƙarin kuzari don kada barci ya ɗauke su, shi kuma ga sukari ga tsami.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, wato kimanin giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Ta ce idan aka rage zuwa cokali 6 ya fi. Galibin lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan roba ɗaya ta rabin lita ta cinye maka kason yini guda, ba a sa shayin safe da na dare ba.

Ba kwaɗayi ne kaɗai ya jawo haka ba. Sukari shi ne ƙarfi mafi araha da saurin samu. Mai ɗaukar kaya yana buƙatar abin da zai riƙe shi nan take, nama da ƙwai da 'ya'yan itace kuma sun fi ƙarfin aljihunsa. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, aka soma karɓa a 2022. A kan robar rabin lita naira 5 ke nan. Wa zai fasa shan lemo saboda naira 5?

Tsadar rayuwa da kuɗin asibiti

Tun daga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira da ya biyo baya, komai ya tashi: kuɗin mota, makilin, buroshi, magani. Kayan aikin likitan haƙori kusan duk daga waje ake shigo da su, daga allurar kashe zafi har abin cike rami, saboda haka idan dala ta hau, su ma sun hau. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma wannan na masu albashi ne. Yawancin mutanenmu ba su cikin wannan sahu.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. Idan mutum ya je da ramin da ya riga ya taɓa jijiya, zaɓi biyu ake ba shi. Ko a kashe jijiyar a wanke cikin saiwar a cike, wanda ke buƙatar zuwa sau biyu ko uku da kuɗi mai kauri, ko a cire. Cirewa ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma zuwa ɗaya ne. Shi ya sa binciken da aka sha yi a asibitocin ƙasar nan ke nuna cewa mutane sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa, kuma cire haƙori yana cikin ayyukan da aka fi yi. Mai kuɗi ya tsira da haƙorinsa, talaka ya koma gida da giɓi.

A watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Abuja ma tana da nata shirin inshorar. Sai dai har yau ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ne suka fi cin moriya. Akwai tsarin da ake kira GIFSHIP wanda aka yi domin masu zaman kansu, mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya su biya na shekara su shiga. Ba kowane aikin haƙori inshora ke ɗauka ba, don haka kafin ka biya ka nemi a karanta maka jerin abin da ke ciki.

Ƙarancin likitoci

Likitocin haƙori a Najeriya 'yan dubbai ne kacal, ga al'umma sama da miliyan 200. Waɗanda ake da su ɗin ma sun fi yawa a Legas, Abuja, Ibadan da sauran manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya. Ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da ke kusa da talaka yawanci ba su da kujerar haƙori. An ƙaddamar da manufar ƙasa ta lafiyar baki a 2012, a 2021 kuma taron lafiya na duniya ya amince cewa a shigar da lafiyar baki cikin kulawar matakin farko, amma mazaunin ƙauyukan Kwali ko Abaji har yanzu sai ya yi tafiya kafin ya ga likita.

Akwai kuma matsalar harshe. Wannan ta fi damun 'yan uwanmu na Kudu. Mutum bai iya Turanci ba, bai iya Yarbanci ko Ibo ba, yana jin nauyin shiga babban asibiti a yi masa tsawa a gaban jama'a. Sai ya zaɓi wanda zai ji maganarsa.

Kemis da masu cire haƙori a kasuwa

Wanda zai ji maganar tasa shi ne mai kemis. A haɗa masa maganin kashe zafi da na kashe ƙwayoyin cuta, zafin ya lafa kwana biyu, ya ce ya warke. Babu ƙwayar da ke cike rami. Yawan shan maganin kashe zafi barkatai kuma yana taɓa ciki da ƙoda. Wasu suna danna asfirin a jikin dasashi, wannan ƙona naman wurin yake yi. Wasu har fetur ko ruwan batir suke ɗigawa, wallahi wannan ganganci ne. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma bai hana ruɓewar ci gaba.

Masu cire haƙori a bakin kasuwa suna da haɗari biyu. Na ɗaya, haƙorin kan karye a bar saiwar a ciki ta yi mugunya. Na biyu, ƙarfen da ba a dafa ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani ya kawo naka.

Masu shan ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta a 2018, su ma haƙoransu na saurin lalacewa. Irin waɗannan suna busar da yawu, ruwan maganin tarin kuma cike yake da sukari. Taba sigari da ta gari suna lalata dasashi, suna kuma jawo sankarar baki. Goro yana rina haƙora, dauɗa ta ɓuya a ƙarƙashin jan, mutum bai lura da tabon farko ba.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Matan aure da ke cikin gida sau da yawa sai maigida ya ba da kuɗi da izini, shi kuma yana ganin ciwon haƙori bai kai a je asibiti ba. Akwai kuma zaton cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Likita yana iya duba mai ciki ya yi mata aiki, abin da ake so kawai ta faɗa masa tana da juna biyu. Barin mugunya a bakinta shi ne haɗarin.

Masu ciwon sukari dasashinsu ya fi saurin kamuwa, ciwon dasashin kuma yana sa sukarin ya ƙi sauka. Dattawa dasashinsu kan ja baya, saiwar haƙori ta fito fili, ita kuma ba ta da ɓawo mai tauri. Wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, sai ruɓewar ta samu hanya.

Duk wanda ya tashi a kara ya san cewa kafin a yi cinikin sa sai an buɗe bakinsa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, da su dillali ke gane shekarunta, kuma da zarar sun soma zubewa ba ta iya kiwo sosai, ta rame, farashinta ya faɗi. Mu da muka san wannan a kan dabba, bai kamata namu bakin ya shekara goma ba wanda ya leƙa ba. Dattijon da turamensa suka zube ba ya iya nama ko gyaɗa, sai koko da shayi da burodi, wato ƙarin sukari a kan 'yan haƙoran da suka rage.

Aswaki da makilin

Aswaki sunna ce, kuma yana aiki. Icen darbejiya da saiwar marke da aswakin Makka duk suna cire dauɗa idan an bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, ba a tsaya a na gaba kawai ba. Abin da aswaki ba shi da shi isasshe shi ne sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya jure asid. Saboda haka a haɗa biyun: aswaki da rana lokutan salla, buroshi da makilin sau biyu, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci.

A duba jikin kwalin makilin, a ga an rubuta fuloraid 1000 zuwa 1500 ppm, da lambar NAFDAC. A goge na minti biyu, a tofar, kada a kurkure da ruwa nan take, a bar sinadarin ya zauna. Buroshi mai laushi ya fi mai tauri. Gawayi da toka da gishiri suna kankare ɓawon haƙori ne, farin da suke kawowa na ɗan lokaci ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fuloraid cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba a kowace ƙasa.

Wani abin lura, a wurare irin su Langtang a jihar Filato da Kaltungo a jihar Gombe, ruwan ƙasa yana da fuloraid fiye da kima, shi ya sa haƙoran wasu mutanen can ke da tabo ruwan ƙasa tun suna yara. Wannan daban ne da ruɓewa.

Ga mai shayi da abokan cinikinsa: a rage cokali ɗaya a wannan makon, wani ɗaya bayan mako biyu, harshe yana sabawa. Idan za a sha lemo a sha tare da abinci a gama, a bi da ruwa.

Alamun da ba a jira da su

Tsami idan an sha sanyi ko zaƙi, abinci yana maƙalewa a wuri ɗaya kullum, baƙin tabo, warin baki da ba ya tafiya, duk alamun farko ne, kuma a lokacin aikin yake da araha. Ciwon da ke hana barci yana nufin an kai jijiya. Idan ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa ba tare da magani ba, kada a yi murna, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa.

Idan kuwa fuska ta kumbura, ko ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun soma wuya, ga zazzaɓi, to a tafi sashen gaggawa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Mugunyar haƙorin ƙasa tana iya gangarawa wuya ta toshe maƙogwaro. Ana rasa rai ta wannan hanya.

Inda za a nufa

A Abuja akwai sashen haƙori a Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, haka nan manyan asibitocin gwamnati na unguwanni irin su Wuse, Maitama, Asokoro da Kubwa. Na gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, sai dai a yi sammako. 'Yan Legas, asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, LASUTH kuma yana Ikeja, ba nisa da Agege. 'Yan Sabo da Sasa da Bodija suna da UCH a Ibadan. Asibitocin koyarwa na Benin, Inugu da Fatakwal su ma suna da sashen haƙori. Wanda bai iya harshen wurin ba ya tafi da ɗan uwa mai ji, kuma ya tambayi kuɗin kowane aiki kafin a fara.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na ƙungiyoyin mahauta da direbobi suna da rawar takawa. Yadda ake tara kuɗin ƙungiya don biki da rasuwa da belin wanda aka kama, haka za a iya ware wani abu don shigar da mambobi inshora a ƙungiyance. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, kuma ƙungiyar likitocin haƙori da makarantun koyon aikin sukan fita duba jama'a kyauta a irin wannan lokaci. Wasiƙa ɗaya daga fadar Sarkin Hausawa tana iya sa su kafa rumfarsu a Dei-Dei ko Oko-Oba ko Akinyele. Limamai ma idan sun zo bayanin aswaki su ƙara da maganar sukari da zuwa asibiti da wuri. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.